Shanyar da Na Yi a Saman Bene

Shin ya yafe mini ne, ko kuwa haƙuri kawai ya yi har ƙasa ta rufe idonsa? Shekara ashirin da ɗoriya ina juya wannan tambaya, ban samo mata amsa ba. Ƴar ƙanwata da take rubuta mini wannan ta ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, in ta ga ina kuka ta ajiye biro ta jira ni.

Mijina mabushi ne. Ba algaita yake busawa ba. Wani dogon ƙaho ne na tagulla, mai hannu da ake turawa gaba a jawo baya, su suna ce masa turombon. A wajen ƴan badujala ya koya tun yana saurayi. Da ya bar su sai ya shiga kiɗan otal a Sabon Gari, irin wanda ake kira jaz, daga nan ya yi shekaru a Ikko, sannan ya dawo Kano ya aure ni. Kawuna bai so ba. Ya ce, "Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki aura sai mai kumbura kumatu?" Amma shi ne daga baya yake aikowa a tambaya ko sabon kaset ya fito.

Don kuwa bai tsaya a busa ba. Ya kama wani ɗaki ya lulluɓe bangonsa da katifu da buhunan algarara, ya zuba na'urori, yana ɗaukar waƙoƙin mutane. Da rana kuma yana koyar da kiɗa a wata makarantar horon malamai. Burinsa guda ne tun ina amarya: ya zaunar da ƙahonsa kusa da kukuma da kalangu su yi hira, ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Ya samo wani tsoho mai kukuma, mutumin Damagaram, mai murya kamar ana jan ƙarfe a kan dutse amma in ya fara ba ka son ya daina. Ya haɗa shi da wani makaɗi, amininsa tun zamanin badujala. Shekara da shekaru suna abu ɗaya su uku.

Ni ban yi makaranta ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma ni ce alƙaliyarsa. In ya gama haɗa waƙa ba ya tambayar kowa. Gida zai kawo, ya jira sai na ɗora tukunya na fara tuƙi, sannan ya kunna, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon bayana. In ya ga muciya ta kama tafiya da kiɗan, ya ce waƙa ta yi. In kuwa na ci gaba da tuƙina kamar ba a kunna komai ba, sai ya naɗe kayansa ya koma ya sake. Wata waƙar na ji ta sau talatin kafin muciyata ta yarda.

Abin da suka ɗauka su uku yana kan wasu manyan tef, kowanne naɗe a faifai mai faɗin farantin tuwo. Guda tara ne. Yana kiran su uwaye, don daga jikinsu ake haifar kaset. Suna cikin wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ƙarƙashin gado. Tsohon mai kukuma ya rasu, bayan shekara biyu makaɗin ya bi shi. Kaset ɗin da aka sayar duk sun tauye a hannun mutane, namu na gida ma rediyo ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya zama muryar mutanen nan biyu ba ta ko'ina a duniya sai a cikin akwatin nan.

Wani Alhaji ɗan kasuwar Kwari, abokin wasansa, shi ya fara kawo maganar Sin. Ya ce a Guwanzu akwai masu mayar da waƙa kan faifan sidi, wanda ba ya tauyewa, ba ya tsinkewa. Ana cikin haka ta hanyarsa aka sami wani otal da ke neman mabushi, da wata makarantar kiɗa da ke son wanda ya san jaz daga tushe. Yaranmu duk sun yi aure. Malam, haka nake kiransa, ya ce ba zai je ya ci abincin da bai san sunansa ba, sai dai mu tafi tare. Ƴar ƙanwata ta ce wajen ƙarshen shekarun casa'in ke nan. Akwatin nan a cinyarsa ya yi tafiyar, bai yarda an saka shi cikin kaya ba.

Ina kewar garin nan, ko da yake shi ya cinye mini miji. A hawa na shida muke, babu lif, a wani lungu da ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa. A lokacin filin jirgin Baiyun yana nan kusa da gari, jirage suna wucewa ta saman rufinmu har kana ganin tayoyinsu. Hausawa ba su da yawa kamar yadda na ji an yi yanzu. In ka ji wani ya yi sallama da Hausa a bakin Tiyanshu, dogon ginin da fatakenmu ke hada-hada, sai ka riƙe hannunsa kamar ɗan ɗakinku. Nama a wajen Musulmin can nake saye, masu fararen huluna da ke jan taliya da hannu. Garin shinkafa nake tuƙawa, kuka da daddawa kuma Alhaji ke kawo mini duk zuwa. A hankali fatake suka gane akwai tuwo a hawa na shida, suka riƙa hawowa suna haki.

Kalma uku na iya a harshensu. Ɗaya ta gaisuwa, ɗaya ta godiya, sai meyo, wato babu. Da su na yi ƙawa: wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƴar firit, mai shanya ɓawon lemo da ƙananan kifaye a saman bene. Nan muke haɗuwa da hantsi, ita da nata ni da nawa. Ta shinshina kukata ta yamutsa fuska, na shinshina kifinta na toshe hanci, mu yi ta dariya.

Malam kuwa ya sake zama saurayi. Ɗalibansa ba yara ba ne, akwai direban bas mai furfura, akwai wata mata mai goga irin kukumarsu ta can mai tsirkiya biyu. Suna ce masa lawshi, wato malam. Yakan dawo yana ba ni labari: "Kin ga mutanen nan, komai na takarda sun iya. In na ɗauke takardar na ce ku busa abin da ke cikinku, sai su kalle ni kamar na ce su tuɓe riga." Sai ya sa su tafi da hannu, su taka ƙasa, kafin ya bari su taɓa ƙaho. Kullum da safe zai zare hannun ƙahonsa ya goge, ya lakato man shafawata ya shafa masa, ya fesa ruwa. Na ce, "Malam, ni da shi wa aka saya wa man nan?" Ya ce, "Wanda ya fi ƙara a gidan."

Abu ɗaya ya ƙi samuwa, shi ne injin da ke karanta irin uwayen nan, don an daina yayinsa. Wata bakwai yana yawo, ko'ina ya je sai a ce meyo. Ranar da ya samu, a wajen wani dattijo da ya taɓa aikin gidan rediyo, da gudu ya hawo benen nan shida. Ya ce an ba shi rana, Litinin ta sama.

Lokacin ne damshin garin ya sauka. Wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Bango yana zufa, madubi yana hawaye, dandamali kamar an yi masa wanka. Takalmin Malam na fata ya yi gemu fari. Kwana goma babu rana. Ranar Alhamis na jawo akwatin nan don in share ƙarƙashin gado, sai na ji wari. Makullin yana rataye a ƙusa. Na buɗe. Kwalayen duk sun yi laushi, fumfuna ta yi fari-fari a gefen tef ɗin kamar an barbaɗa gari.

Malam ya fita makaranta tun safe. Kuma a ranar, kamar da gangan, rana ta fito tarwai.

To me ƴar Kano ta sani game da abin da ya yi damshi? Tun ina ƴar shekara shida abin da aka koya mini ke nan: gero ya yi sanyi, shanya, katifa ta yi wari, shanya, kuɓewa, barkono, tufafi, littafi in ruwa ya taɓa shi, duk shanya. Ban taɓa ganin abin da rana ta ɓata ba. Na kwashe uwayen a zani na hau sama. Na zare kowanne daga kwalinsa, na goge da tsumma, na jera su a kan wani kwano da aka rufe tankin ruwa da shi, don na ga ya fi tsabta kuma ya fi ɗaukar zafi. Har na ji daɗi a raina. Na ce zai dawo ya tarar na cece su.

Na sauko na yi tuwo, na zuba a kula na kai wa su Alhaji a Tiyanshu, don ranar suna ɗaure kaya ba za su sami hawowa ba. Rana ta yi ta dukan kwanon nan tun hantsi har bayan azahar. A gida hadari yana yi maka sallama, ka ga gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ka kwashe shanyarka a tsanake. A can ba haka ba ne. Ina cikin bas a hanyar dawowa kawai na ji kamar an juye tulu a kan rufin motar.

Da na isa, tsohuwar nan na tarar a bakin ƙofarmu, jiƙe sharkaf, ta tattaro su a gaban rigarta. Nata ɓawon lemon ta bar shi a ruwa. Tana ta magana, tana nuna sama, tana girgiza kai. Na karɓa na jera a kan gado. Faya-fayan sun lanƙwashe kamar ɓawon ƙwai a wuta. Tef ɗin ya naɗe ya manne, ruwa yana ɗiga.

Da la'asar Malam ya shigo. Bai ko ajiye jakar ƙahonsa ba. Ya tsaya a bakin gadon, ya ɗauki ɗaya, ya ja bakin tef ɗin a hankali. Baƙin ya biyo yatsunsa kamar shuni. Ya daɗe yana kallon yatsun nan. Na durƙusa na ce, "Malam, ni ce. Fumfuna na gani." Ya yi salati a hankali. Sannan ya ce, "An yi tuwo?"

Na zuba masa. Ya cinye tas, ya sha ruwa, ya yi alwala ya yi magariba. Wallahi da ya ɗaga hannu ya mare ni, abin da bai taɓa yi ba, da na fi samun sauƙi.

Ranar Litinin ya ɗauki akwatin ya tafi wajen dattijon, ya dawo da shi kamar yadda ya tafi. Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Ya ci gaba da zuwa otal da makaranta, amma a gida ya daina busa, ya daina satar man shafawata, ya sayo nasa. Alhaji da ya ji labari ya so ya mayar da abin wasa, ya ce, "Hajiya, an ce kin yi mana kilishin waƙa, ina rabona?" Malam ya ɗago ya ce, "Alhaji, ci tuwonka." Ba a sake tayar da maganar a gabansa ba.

An fi wata a haka. Wata Asabar da hantsi ina wanki a banɗaki, ban san bakina yana motsi ba. Sai na ga inuwa a ƙofa.

Ya ce, "Sake."

Na ce, "Me zan sake?"

"Abin da kike yi yanzu. Daga inda kukuma ta shiga."

Na ji kunya, amma na sake. Na yi kukumar da hanci, na yi amsar da ƙahonsa ke ba ta, na buga kiɗan a gefen baho. Da na zo wani wuri na ɗan tsaya, na yi gyaran murya, na ci gaba.

Ya ce, "Me ya sa kika tsaya a nan?"

Na ce, "Ai a nan tsohon yake tari."

Sai ya zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙen dandamalin nan, da fararen kayansa. Ya ce, "Guda nawa kika riƙe?" Na ce ban ƙirga ba, duk wadda aka kunna mini ina tuƙi tana nan. Shi da ya yi su ya manta rabi, don bai taɓa rubuta abin da su biyun suke yi ba, daga ka suke yi. Ya tashi ya ɗauko takarda mai layi-layi da fensir.

Wata huɗu muka yi. Ni ina rerawa, shi yana ɗiga baƙaƙen ɗigo a takarda. Da aka gama ya tara ɗalibansa a falonmu ranakun Lahadi. Na ce ni ba zan buɗe murya a gaban maza ba, sai aka bar ƙofar kicin a buɗe, ina ciki suna waje. Matar nan ta ɗauki wurin tsohon da kukumarta mai tsirkiya biyu, direban bas ya riƙe ganga. In suka kauce sai in leƙo in ce, "Meyo!" Falon ya kwashe da dariya, direban ya dafe kai yana kiran shimu, shimu, wato matar malam. Wata rana sau goma sha ɗaya na ce masa meyo a waƙa ɗaya. Malam ya ce, "Ki tausaya masa, yana da iyali." Na ce, "Makaɗinka ba haka yake sauke hannu ba." Ya ce, "Na sani. Shi ma ya sani."

A wani ɗan ɗaki kusa da gidanmu aka ɗauka, Malam da kansa a kan na'ura. Sai an jira jirgi ya wuce a fara, in wani ya taho kafin a gama a sake daga farko. A nan na lura numfashinsa ya ragu. Inda da yake jan busa ɗaya doguwa, yanzu sai ya raba ta biyu. Ya ce salo ne.

Ranar da sidin ya fito ya jira na ɗora tukunya, ya kunna, ya zauna a bakin ƙofa. Na so in yi masa ƙarya, in kaɗa muciyar da gangan. Hannuna ya ƙi. Waƙar farko ta wuce ina jiran muryar tsohon, ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Ya ce daga bayana, "Ni ma shi nake jira." A ta uku ne, ban san lokacin ba, muciya ta kama tafiya da kanta. Na ji ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin damshi.

Sai na juyo na ce, "Malam, ka yafe mini?"

Ya ce, "Tuwonki zai kama."

Sau uku na tambaye shi a tsawon shekarar nan, kowanne da abin da zai kawar da maganar. Alhaji ya kai kwalayen sidin gida ta jirgi, mutanen da suka san tsohon suka ce ba shi ba ne, waɗanda ba su san shi ba suka ce da daɗi. Malam ya koma satar man shafawata. Yana nuna ni yana ce wa baƙi, "Wannan ita ce uwar, sauran duk kwafi ne." Na so in ɗauki wannan a matsayin amsa. Amma akwatin ƙarfen bai zubar ba. Wata rana na dawo daga kasuwa da wuri na hango shi ta ƙofa, ya buɗe shi, ya ɗora ɗaya daga cikin lanƙwasassun faya-fayan a gwiwarsa, yana shafawa da babban yatsa. Na koma da baya na zauna a matakala har na ji ƙarar kwaɗo.

Da damshi ya zagayo ƙirjinsa ya riƙe. Ya kwana shida a asibiti, suka sallamo shi da magunguna. Ɗalibansa suna zuwa da ƴaƴan itace, tsohuwar nan tana kawo wani baƙin romo da ba ya sha. Ya sa na jingina ƙahon a inda zai riƙa ganinsa. Mu a wajenmu ba a rabuwa sai an nemi gafarar juna, kowa ya san wannan, shi ma ya sani. Na ƙudurta a raina ranar Juma'a zan tambaye shi, kuma ba zan tashi ba sai ya faɗa da bakinsa.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Na wanke zannuwan gadonsa na shanya a sama. Bayan azahar na ba shi kunu ya sha rabin kofi, fuskarsa ta yi haske har na ce sauƙi ne. Na zauna a bakin gadon na kama ƙafarsa. Na ce, "Malam, ni dai na yafe maka duniya da lahira. Ina so kai ma..."

Ya juya ido wajen taga, ya yi magana. Na duba, gari ya yi duhu kuwa. Na tashi na hau sama da sauri, ina cewa yanzu zan dawo mu ƙarasa. Zannuwa huɗu ne kawai. Ko jiƙewa ba su yi ba. Da na sauko da su a kafaɗa na tarar ya cika, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin kumatu kamar mai barci. A can aka binne shi, a maƙabartar Musulmin garin, direban bas yana tsaye daga nesa yana kuka kamar ɗan da Malam ya haifa. Ƙahon yana nan a ɗakina. Akwatin ma yana nan, ban taɓa buɗewa ba.

Ƴar ƙanwata ta ce in faɗi abin da ya ce, ta rubuta. Murmushi yake yi lokacin, wannan na tabbata. Cewa ya yi:

"Je ki kwashe shanyarki tukuna, hadari ya haɗo. Ni ba inda za ni."